Rabin Maganata a Rediyo

Idan na rufe ido na tuna ƙauyenmu, can bayan Kutemeshi a bakin daji, kunnena ne ke riga idona isa. Tun gari bai gama wayewa ba za ka ji luguden mata daga gida zuwa gida, wannan turmi na amsa wa wancan, har kana iya cewa ga taɓaryar wance, don kowace mace da irin nata bugun. Sai zabi su ɗauka a bayan rumbuna. Sai maƙerin unguwa ya fara gyaran fartanyar wani da ya ƙosa ya tafi gona. Can daga gefen fadama kuma maruƙa na kuka, an raba su da iyayensu za a yi tatsa. Da waɗannan muka tashi, ba mu ma san muna jin su ba. Yau ga ni a unguwar Magajin Gari, cikin Birnin Gwari, a ɗakin da babban ɗana ya ware min a gidansa. Injin niƙa da babura ke tashe ni. In kuwa babura suka wuce a jere fiye da yadda aka saba, sai ka ga mai shayi ya tsaya da buta a hannu, mai kayan miya ta janyo ɗanta jikinta, kowa ya kasa kunne, har sai an tabbata 'yan acaɓa ne kawai.

Dajin nan da yanzu ake ambatonsa ƙasa-ƙasa, rumbu ne a wurinmu, rumbun da ba shi da mai shi. Da bazara mu hau ɗorawa mu kakkaɓo, mu dawo baki duk rawaya, iyaye mata su yi ta wankin kalwa don daddawa. Da ruwa ya sauka 'yan mata su shiga tsintar kaɗanya da sanyin safiya, suna waƙa don kada su ɓace wa juna. Matan Gwarawa su ratso ta tsakiyarsa da doya a kafaɗa, su kaɗai, babu namiji ko ɗaya tare da su. Aikin da na fi tsana shi ne gadin masara. Sai ka wuni a kan 'yar rumfa kana buga gwangwani kana ihu, gwaggon biri kuwa ya hakimce a kan suri yana kallonka, ya san baki kawai gare ka. Wata shekara mun ga sawun giwa a bakin rafi, na sa ƙafafuna biyu a ciki har da sauran wuri. Mahaifina kan ce mana, “In kun shiga daji ku ɗauki abin da ya kai ku, ku fito, ba gidanku ba ne.” Iyakar gargaɗin ke nan. Maciji muke tsoro, da ɓatan hanya. Ba mu taɓa tsoron ɗan Adam a cikinsa ba.

A bakin wannan daji na san Ja'e. Bafillace ne, sa'ana, ɗan ardon wata ruga da ke sauka a gonarmu duk bayan girbi. Shanunsu su cinye kara da harawa su bar mana taki, mahaifina ya aika musu da damin dawa, su aiko da nono da man shanu a ƙwarya. Ban taɓa jin an zauna an tsara wannan ba, haka muka taso muka gani. Kaɗo yake kirana, yadda Fulani ke tsokanar Bahaushe, ni kuma in yi ta dariyar Hausarsa, don a bakinsa saniya namiji ce, bijimi mace. Shi ya nuna min cewa kowace saniya da sunanta, kuma tana amsawa. Ni na koya masa iyo. Wata rana muna neman zuma kububuwa ta sare ni a dunduniya. Ja'e ya goye ni tun daga cikin daji har ruga, yana gudu yana zagina wai na cika nauyi kamar buhun gero. Mahaifiyarsa ta tsaga wurin ta sa magani, na kwana biyu a bukkarsu ina shan kindirmo. Daga baya danginsa suka daina tashi, suka kafa ruga ta dindindin a gefen fadamarmu. Kusan lokaci ɗaya muka yi aure. Da ya sami ɗa namiji na fari, sunana ya sa masa.

Kada a ɗauka ba a faɗa a lokacin. Ana yi, sosai ma. Shanu kan shiga gona, manomi kan fasa wa makiyayi kai, makiyayi kan rama. Amma in aka je gaban mai unguwa, ardo na zaune a gefensa, akwai wata ɗabi'a ta dattijon mai unguwar da ban manta ba. Mai ƙara zai yi ta zuba, ya rantse, ya nuna rauni, tsohon na sakace haƙori bai ce komai ba. Sai mutum ya gaji ya yi shiru, sannan ya tambaye shi, “Ka gama?” In ya ce ya gama, ya juya ga ɗayan ya ce, “To kai kuma fa?” Har rana ta karkata ba zai katse kowa ba. Mu yara muna ganin ɓata lokaci ne, tunda kowa ya san shanun wa suka yi ɓarna.

Rediyo kuwa kawuna ne ya fara kawo shi ƙauyen, da ya dawo daga ci-rani. Akwati ne babba, matarsa ta ɗinka masa riga ta atamfa. Bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, dattawa a gaba, mu samari a tsugune a baya, Ja'e ma yakan bar wa ƙannensa shanu ya zo. Kakata in ta ji an kunna sai ta ja mayafi ta rufe kai, wai ba za ta zauna haka baƙon namiji na magana a gida ba. In batir ya yi sanyi a jera shi a rana a kan dutse. Babu mai tari in an fara labarai. Yanzu jikokina kowa da wayarsa a tafin hannu, kowa da labarin da yake ji shi kaɗai, ɗaya na dariya ɗaya na tsaki a tabarma guda. Mu kuwa gari guda kunne guda ne. Kawu yakan ɗora hannu a kan akwatin ya ce, “Mutumin da ke magana a nan ba ya cin dawar kowa a garin nan. Bai san ni ba, bai san ku ba. To don me zai yi mana ƙarya?” Muka riƙe wannan magana. In gardama ta yi tsawo a kasuwa ko a majalisa, wani ya ce ai an faɗa a rediyo, shi ke nan, sai a koma wata hira.

Muna samari aka yi yaƙin nan na kudu. Wasu daga cikin yayyenmu suka shiga soja, mu kuma a gindin tsamiya muka yi namu yaƙin. Kullum a ce an kama gari kaza, an ƙetare kogi kaza, mu yi ta murna kamar ana ba mu labarin dambe. Sai wani maƙwabcinmu, Ɗanjuma, ya dawo da rauni a cinya tun yaƙin bai ƙare ba. Ba ya hira, yakan dai zo ya zauna a gefe ya miƙe ƙafar. Wata la'asar aka sake ba da labarin wani gari da aka kama can baya, aka ce mutanensa da farin ciki suka tarbi sojoji. Ɗanjuma ya ce, ba da ƙarfi ba, “Na shiga garin nan. Akwatin ya faɗi shigarmu, bai faɗi yaran da muka tarar kwance a ɗakuna ba, ciki a kumbure, ko kuka ba sa iyawa.” Kawu ya ce masa ya yi shiru ana labarai. Da aka watse, magana ta tsaya a kan cewa ƙarar bindiga ce ta taɓa masa kai. Bai sake zuwa gindin tsamiyar ba.

Da na kama gidana, rediyo na fara saya kafin keke. Nakan rataye shi a reshen kaɗanya in yi noma yana magana. Na ji yaƙe-yaƙen duniya da yawa a haka, na san sunayen biranen da ban san ta inda rana ke fito musu ba. Na lura wani gidan rediyo kan ce mayaƙa, wani ya ce 'yan ta'adda, alhali mutanen ɗaya ne. Wani ya ce an kashe, wani ya ce sun mutu. Na ɗauka bambancin iya Hausa ne kawai. Ja'e in ya biyo da shanu ya same ni kunne a jikin akwati sai ya ce, “Kaɗo, ka san wanda ya mutu a bayan teku, ba ka san akuyarka na cikin waken maƙwabcinka ba.” Haka muka yi furfura.

Sannan daji ya canza, a hankali, har ba zan iya ce maka ga daminar da abin ya fara ba. Da satar shanu aka soma, kuma garken Ja'e na cikin na farko da aka kora, 'yan kaɗan aka bar masa. Ya bi sawu har ya gaji, ya dawo da sanda kawai. Ban ji wannan a rediyo ba, na ce wataƙila labarin bai kai musu ba. Sai aka fara tare hanya, sai ɗauke mutane a gona, sai ya zama ba ka shuka sai da izinin masu bindiga. Ba zan ɓoye ba, da yawan yaran da ke kan baburan nan 'ya'yan Fulani ne. Akwai kuma waɗanda ba Fulani ba, akwai namu na cikin gari da ke kai musu mai da burodi da labarin wanda ya sayar da masara. Ja'e ya shiga tsaka mai wuya. Na daji su zo su ce ya ba da ɗa ko ya ba da sa, na gari su ce ai duk su ɗaya ne. Ya ƙi ba da ɗa, ya kuma ƙi tashi. Ya ce a nan aka binne mahaifiyarsa.

Da hantsi suka shigo ƙauyenmu, ana maimai, wato noma na biyu, mutane duk suna gona. Da na ji ƙarar baburan na ɗauka hadari ne ke tasowa. Ba zan ba da labarin ranar dalla-dalla ba, har yanzu ba na iyawa. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, a kan kunyar da yake nomewa aka harbe shi, fartanya a hannu. An kashe ɗan liman, an kashe mata a bakin rijiya, an cinna wa rumbuna wuta, an tafi da wasu. Muka binne namu, muka kwashe abin da ya saura muka nufo gari. Kafin mako ya zagayo sai wasu samarinmu, waɗanda su ma an kashe musu iyaye da ƙanne, suka ɗauki adduna da bindigogin toka. Ba su shiga daji inda masu baburan suke ba. Rugar Ja'e suka tafi, don ita ce kusa, kuma babu bindiga a cikinta. Shi yana kasuwa a ranar. Suka kashe ɗansa, takwarana, a bakin dangwali, yana kwance maruƙa. Suka kashe yayan Ja'e, tsoho makaho, da mata biyu, da wata yarinya da ba a daɗe da yaye ta ba. Hajjo, matar Ja'e, wadda ni na raka shi gaisuwar iyayenta tun tana budurwa, ta shiga bukka tana ci da wuta ta fito da jikanta, bayanta da hannuwanta suka ƙone. Da labari ya iso ni na sa ɗana ya mai da ni a babur. Ni da Ja'e da 'ya'yansa da suka tsira muka haƙa kaburburan. Ba mu yi wata magana ba sai ta salla. Da muka gama ya kwashi iyalinsa da 'yan shanun da suka rage ya tafi wurin danginsa, wata ruga mai nisa inda waya ba ta shiga.

Ana cikin haka sai ga ɗan jarida daga wani babban gidan rediyo, ya zo makarantar firamaren da aka sauke 'yan gudun hijira. Aka ce a nemo dattijo daga ƙauyenmu, aka zo aka kira ni. Saurayi ne mai ladabi, ya cire takalmi kafin ya hau tabarma, ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi min ta'aziyya. Da ya miƙo 'yar na'urarsa kusa da bakina, duk da baƙin cikin da nake ciki sai da na ji wani girma ya zo min. Tun ina tsugune a bayan dattawa nake sauraron akwatin nan, yau ga shi ya aiko a saurare ni.

“Baba, su wane ne suka kawo muku harin?”

Na ce, “Waɗanda na gani da idona, yawancinsu yaran Fulani ne, na ji suna Fulatanci. Ba su bar babba ba, ba su bar yaro ba.”

Ya gyaɗa kai zai janye hannu, na riƙe hannun. Na ce, “Tsaya, ɗana, ban gama ba.” Na ba shi labarin rugar Ja'e tun daga farko, yadda shi aka fara sace wa shanu, yadda ya ƙi ba da ɗa. Na faɗi sunayen waɗanda muka binne a ƙauye, na faɗi na waɗanda muka binne a ruga. Na ce masa waɗanda suka ƙona rugar yaranmu ne, Hausawa, na san iyayensu, wasu ma a gabana aka raɗa musu suna. Na tambaye shi, yarinyar nan me ta yi musu? Na ce, “Irin waɗannan bai kamata a bar su suna yawo a cikinmu ba.” Idon saurayin ya kawo ruwa. Ya ce, “Baba, in Allah ya yarda duniya za ta ji wannan.” Ya bar wa ɗana lambar wayarsa, ya ce mu saurari shirin safe.

Washegari da safe maƙwabta suka taru a ƙofar gida, ɗana ya fito da benci, surukata ta aiko da koko da ƙosai. Na ɗora rediyo a cinyata. Aka fara da wani yaƙi na ƙasar waje, aka daɗe a kansa, har aka faɗi sunan wata yarinya da ta mutu a can da aikin da take son yi in ta girma. Sannan aka ambaci Birnin Gwari. Mai karanta labarai ya ce makiyaya ɗauke da makamai sun far wa wani ƙauyen manoma, ga wani dattijo da ya tsira. Sai na ji wani tsoho na magana, muryarsa na rawa. Sai da ɗana ya taɓa ni na gane ni ne.

“Yaran Fulani ne, na ji suna Fulatanci. Ba su bar babba ba, ba su bar yaro ba. Irin waɗannan bai kamata a bar su suna yawo a cikinmu ba.”

Daga nan mai karatu ya shiga batun farashin taki.

Na zauna riƙe da akwatin ina jira. Na ce wataƙila sun raba hirar biyu ne, saura na zuwa. Aka gama taki, aka shiga ƙwallo, aka sa kiɗa. Na girgiza rediyon kamar wanda batirinsa ya yi sanyi. Babu ruga, babu Ja'e, babu takwarana, babu Hajjo. Ko sunan ƙanena ba su faɗa ba. Abin da ya fi sandarar da ni shi ne maganar ƙarshen nan. A kan yaranmu na yi ta, can wajen ƙarshen hira, bayan dogon bayani. An ɗauko ta an manna a jikin ta farko, an ɗinke wurin da kyau har ni mai maganar ban ji inda aka haɗa ba, numfashina ma bai yanke ba. Na kai hannu na taɓa maƙogwarona. Ban taɓa sanin ana iya yi wa mutum haka ba, a sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba, da bakinsa, da muryarsa, kuma babu kalma ɗaya a ciki da zai iya rantsewa ba tasa ba ce.

“Baba, ka yi magana!” in ji wani maƙwabci yana tafa hannu. “Wallahi ka fanshe mu.”

Koko ya huce a gabana.

Kafin azahar muryata ta shiga wayoyi. Wani ya haɗa ta da hoton gawarwaki, waɗanda ba ma na ƙauyenmu ba ne, ana ta turawa. A masallaci mutanen da ban sani ba suna miƙo min hannu. In na fara cewa ba haka na faɗa ba, sai a ce, “Haba Baba, kada ka ji tsoro, muna bayanka.” Ɗaya daga cikin samarin da suka je rugar ya tare ni a hanya, ya rusuna har ƙasa ya ce, “Baba, Allah ya ƙara girma. Da wasu na zaginmu, yanzu kowa ya ji daga bakinka.” Na dubi hannuwansa na kasa ɗauke ido. A makon nan matan Fulani masu tallar nono suka daina shigowa kasuwa, don an bi wata da jifa an fasa mata ƙwarya, waɗanda suka jefe ta kuma maganata suke maimaitawa.

Na sa ɗana ya kira ɗan jaridar. Ya ɗauka, ya gaishe ni da ladabinsa na ran nan.

Na ce, “Ɗana, ina sauran maganata?”

Ya ce, “Baba, wallahi duka na aika, ban cire komai ba. Lokaci kaɗan aka ba labarin. Na rugar kuma manya sun ce babu hukumar da ta tabbatar da shi.”

“Ni na haƙa kaburburan da hannuna. Na ƙauyenmu ma ai daga bakina kuka ji.”

Na sake tambayarsa:

“To maganar da na yi a kan yaranmu, wa ya ɗauke ta ya ɗora wa wasu?”

“Ba ni nake haɗawa ba, Baba. Ni ma a rediyo na ji, kamar yadda ka ji.” Ya ce zai yi magana a gyara. Na yarda ya yi maganar, ban dai ji gyaran ba.

Bayan 'yan kwanaki na murɗa wata tasha, sai na ji ana labarin rugar Ja'e. Na tashi zaune, na ce to, ga waɗanda za su faɗi duka. Su kuma suka ce manoma sun far wa makiyaya suna zaman-zamansu, ba gaira ba dalili. Ba su ambaci ƙauyenmu ba, ba su ambaci ƙanena da aka harbe a gonarsa ba. Kowa ya zo ya ɗebi gawarwakin da suka dace da labarinsa, ya bar sauran a ƙasa. Na kashe rediyon.

Ran wata kasuwa wani mahauci ya ce min ya ga Ja'e a kara, inda ake cinikin dabbobi, ana loda 'yan shanunsa da iyalinsa a babbar mota, za su bar yankin baki ɗaya su yi kudu. Na nemi sandata. Ɗana ya tsaya a bakin ƙofa.

“Baba, kada ka je. A wurinsu kai ne mutumin rediyo. Namu kuma in suka gan ka tare da su, su ce infoma ne kai. Ka tuna a gidan nan jikokinka suke.”

Na ce, “Na tuna. Matsa min.” Ya matsa, sannan ya biyo ni a baya.

Na sami Ja'e zaune a kan buhu a inuwar motar, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. 'Ya'yansa biyu da ke tura shanu suka hango ni suka tsaya, ɗaya ya faɗi wata magana da Fulatanci ya nufo ni. Ja'e ya ɗaga sandarsa kaɗan, yaron ya tsaya. Na yi sallama. Ya amsa, bai tambayi gida ba, bai nuna min wurin zama ba.

“Mun ji ka,” ya ce.

“Ja'e, na faɗa wa ɗan jaridar na rugarka. Wallahi duka na faɗa. Yanke maganar suka yi, suka haɗa ta da wata.”

“Ni ban ji ba.” Ya nuna 'ya'yansa da haɓa. “Su ma ba su ji ba. Abin da aka ji shi aka ji.” Sannan ya ce, “To faɗa yanzu. Yadda ka faɗa masa, haka za ka faɗa. Kuma ba ni za ka faɗa wa ba.”

Na duba kewaye da mu. Ga direbobi, ga dillalai, ga mahauta, ga masu lodi, yawancinsu mutanen gari, wasunsu ma sun ba ni hannu a masallaci. Ɗana ya kama min gefen riga, na zare. Na tsaya a tsakiyar kara na ɗaga murya iyakar ƙarfina. Na faɗi waɗanda suka shigo ƙauyenmu, na faɗi sunan ƙanena da na sauran. Sannan na faɗi waɗanda suka je ruga, na ce yaranmu ne, na ce a kansu na yi maganar da aka ji. Na kira sunayen waɗanda muka binne a can ɗaya bayan ɗaya, har da yarinyar. Wani ya yi tsaki ya bar wurin. Wani ya ce tsohon nan ya ruɗe. Sauran suka yi tsit, ba ka jin komai sai kofaton shanu a kan katakon mota.

Da na gama Ja'e ya ce, “Ka bar ɗaya.”

Na sake bin su a zuciyata. Na ce ban bar kowa ba.

“Hajjo. Ƙunar ta ci ta. Ta cika bayan an sa muryarka da kwana kaɗan.”

Na zauna a ƙasa ina innalillahi. Da na sami numfashi na ce, “Ta ji?”

“Rediyon na kusa da kanta, yara sun kunna. Ta ji.” Ya miƙe da ƙyar, ya ɗora sandarsa a kafaɗa. “Ta ce mana ba kai ba ne. Wai wani ne mai irin muryarka, ita ta san ka, ba za ka faɗi haka ba. Yara suka so su yi mata gardama, na hana su.”

Aka gama lodi. 'Ya'yansa suka tallafe shi suka sa shi a gaban mota. Bai ce mu yafi juna ba, ni ma ban ce ba. Motar ta bi ta cikin kasuwa a hankali saboda cunkoso, ta hau titi, ta yi kudu. Ina zaune a wurin har ɗana ya ɗago ni. Ban sake jin labarin Ja'e ba. Duk yawan mutanen da suka saurari shirin nan, Hajjo kaɗai ce ta ce ba ni ba ne.